Kuɗin Takin da Baba Yake Kaiwa Kalgo

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifinmu, Malam Garba manomi, Allah ya jiƙansa. Na so a ce cikin natsuwa nake wannan tunawa, amma a makon nan ake shirin jinginar da gonarsa ta hanyar Dalijan, domin damina ta sauka ba mu da kuɗin taki.

Baba bai taɓa buɗe asusun banki ba. Idan ya sayar da albasar rani, sai ya shimfiɗa tabarma a zaure ya raba kuɗin kashi uku. Na cefane ya miƙa wa Inna, mahaifiyarmu. Na magani da gudummawar dangi ya ƙulle a tsumma ya sa cikin akwati. Na taki da iri da 'yan ƙwadago kuwa ba ya kwana a garinmu Gwandu. A ranar yake shiga mota ya kai wa yayarsa, Goggo Hajo, da ke aure a Kalgo.

Ina ɗalibi na tambaye shi ko ba ya tsoron ɓarayi a hanya. Ya ɗaga hannunsa na dama ya ce, "Usmanu, wannan na fi tsoro. Bai iya hana mutum ba."

Gaskiya ya faɗa. Baba mutum ne mai kunya, ba a roƙonsa ya juya baya. Saboda haka ya sa wunin tafiya da kuɗin mota da fuskar yayarsa tsakaninsa da kuɗin noma. Duk wanda ya zo rance, yana iya ce masa ba ya da su a hannu, bai kuma yi ƙarya ba. Sau ɗaya ya je Kalgo tun da bazara, yana son a tsakura masa don bikin wani ɗan uwa. Goggo ta dube shi ta ce, "Garba, ka ga hadari ne a hanya? To sha ruwa ka koma."

Ba zan ce tsarin ba shi da aibi ba. Gara ta taɓa cin wani ɓangare na ƙullin akwati. Akwai kuma lokacin da Inna ta kwanta ciwo, kuɗin magani suka gaza, muka zauna jiran ɗan aike ya dawo daga Kalgo tana fama. Da yanzu ne, kafin a tayar da babur an turo kuɗin ta waya. Amma a tsawon rayuwarsa ruwan farko bai taɓa samun mu babu taki ba.

Bayan rasuwarsa, riƙon gida ya koma hannun babban wanmu, Yaya Bello. Ba almubazzaranci gare shi ba, kuma shi ya gaji kunyar Baba. Ya zuba kuɗin albasa gaba ɗaya cikin asusu guda, asusun yana cikin waya, wayar tana aljihunsa, kowa kuma ya san haka. Wannan ya kira yaro ba lafiya, wancan kuɗin makaranta, wata haihuwa. "Ka ɗan turo, Yaya, kafin kasuwa ta ci." Babu wanda ya roƙi abin banza, babu kuma hanyar da zai ce ba su a hannu. A waya kuɗin taki da na cefane lamba ɗaya ce, ba ta nuna wanne aka taɓa. Shekara biyu muna cike giɓin da sayar da tumaki. Bana turken ya ƙare, taki ya yi tsada, ni kuma da na gama jami'a ba ni da albashin da zan agaza.

Da muka je gaishe da Goggo, wadda yanzu ganinta ya raunana, ta laluba hannun Yaya ta ce, "Bello, ina ajiyar bana?"

Ya ce, "Goggo, ai yanzu banki ke riƙewa."

Ta ce, "To, bankin yana korar ka idan ka zo ba lokaci ba?"



Da Baba zai ga zamanin nan, ba na jin zai zagi banki. Zai yaba yadda ake kai wa majinyaci ɗauki nan take. Amma zai tambayi wa aka bar wa aikin cewa a'a. Na ba da shawarar a buɗe asusu na biyu, sai na tuna shi ma a aljihu ɗaya zai zauna.

Abin da ya rage mana na Baba shi ne sanin da ya yi wa kansa: ya gane inda yake da rauni, ya yi masa shinge. Mun gaji tausayinsa, shingen ne muka rushe. Allah ya haskaka kabarinsa, ya yafe masa.

Ranar Juma'a bayan masallaci shaidu za su taru. Wani attajiri daga Maruda zai noma gonar har mu fanshe ta, da kuɗinsa kuma za mu noma 'yar ƙaramar gonar da ke bayan gida. Abu ɗaya Inna ta roƙa, a bar mata ganyen kukar da ke bakin gonar saboda miya. Ya amince. Bana abin da za mu ci daga gonar Baba ke nan.