Hular Da Ta Fitar Da Injina

Sau biyu aka haura gidana kafin in yi hankali. Na farko awaki aka kwashe, na biyu shinkafar da muke ci. Na ce ya isa haka. Na ƙara wa katanga tsawo, na bi shagunan bakin tasha ina tsintar kwalabe, na farfasa na dasa mata a ka da siminti. Na cire ƙyauren langa-langa na sa na ƙarfe mai sakata biyu. Ba don komai na yi wannan wahala ba sai don injin ban ruwana. Duk wanda ya yi noman rani a fadamar Haɗejiya ya san shinkafa ba ta jiran mutum. Kwana kaɗan ba ruwa, ƙasa ta tsattsage, shi ke nan.

Ranar ban ruwa nakan ɗaura injin a babur in tafi da shi, in dawo da shi. Sauran ranaku yana zaure ɗaure da sarƙa, makulli a hannun matata. Waya ba ta shiga a wajen gonarmu, sai na kafa mata doka. Ko wa ya zo ya ce ni na aiko shi, ko ƙanena ne ciki ɗaya, kada ta ba da ko tsinke sai ya kawo hulata. Tsohuwar ƙube ce ruwan toka, ita da kanta ta ɗinke bakinta da baƙin zare.

Da na yi shiru da ba haka ba. Amma bakina bai bar ni ba. A majalisarmu ta gindin bishiyar maina, bayan la'asar, ana hirar sata, na karkace na ba su labarin dabarata har da dariya. Mutum bakwai ne a wurin, duk sahu ɗaya muke salla.

Wata Talata na je cire ciyawa. Rana ta yi zafi, na rataye riga da hula a reshen giyayya kamar kullum, na shiga ruwa na sunkuya. Bayan bishiyar kacala ce ta cika bakin kogi, ciyawar nan da ta fi mutum tsawo, ko saniya ta shige ba ka gani. Da azahar na fito, riga na nan, hula babu. Har na zagi iska.

Ina shiga gida na ga sarƙa a ƙasa, na ƙwala wa matata kira.

"Ina inji?"

"Ba kai ka aiko ba, Malam? Ga hularka can na rataye."

"Wa na aiko?"

"To ni na sani? Sallama ya yi, ya ce ruwa ya ja baya, ka ce a yi sauri. Ya ajiye hular a bakin ƙofa."

"Yaya kamanninsa? Dogo ne, gajere ne?"

"Haba Malam. Yaushe ka taɓa yarda in tsaya ina kallon fuskar namiji? Daga bayan bango na miƙa makulli. Har ruwa na tura masa, na ji yana haki."

Ruwa! A kofina ya sha. Na so in zazzaga mata, amma ba abin da ta yi sai abin da na ce. Na fita na shuri ƙyauren nan har yatsana ya fashe.

Na kai maganar wajen mai unguwa, ya ce sai haƙuri. Na zaga kasuwa wajen masu tsofaffin injina, na je har Auyo, kowa ya ce bai gani ba. A majalisa kuwa salati suka yi ta yi, ana cewa duniya ta lalace. Ina bin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Ko ɗayansu ne, ko ɗayansu ya kai hira gaba, ban sani ba har yau, kuma rashin sanin ya fi satar ci mini rai.

A kwana na biyar ganyen shinkafata ya fara nannaɗewa. Sai ga ɗaya daga cikin bakwai ɗin, maƙwabcina a gona, ya turo injinsa.

"Ɗan'uwa, ja ka ba ta ruwa, kada ta mutu muna kallo."

Shi ne wanda ya fi kowa sanin inda nake rataye kaya. Na tsaya ina kallon bututun a hannunsa. In na ƙi, yarana su ci me da damina? Na karɓa. Ɓangaren tudu ya riga ya ƙone, na kwari ya tashi. Da yamma na taka har ƙofar gidansa na ce Allah ya saka da alheri, ya ce ba komai, ai an zama ɗaya.