Wutar da Ke Bin Gindin Katanga

Shekara bakwai ke nan da muka raka ƙanena Malam Habibu makwancinsa, amma har yau in aka yi ruwan sama a Gwale, shi ne ke fara faɗo mini a rai.

Malamin kimiyya ne a jami'a, ni kuwa atamfa nake sayarwa, don haka hirarmu rabi tsokana ce. Ƙuruciyarsa ta ƙare a kan girafin, wani siririn shafi na sinadarin bakin fensir wanda ido ba ya gani. Na sha ce masa, "Duk karatun nan, a kan fensir ka ƙare?"

Wata rana bayan an ɗauke ruwa ya tsayar da ni a lungunmu. Ruwa ya taru a tsakiya yana juyi wuri ɗaya, mutane sun bi gindin katanga ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Yaya, haka lantarki ke yi a girafin in an sa shi cikin maganaɗisu mai ƙarfi. Na tsakiya zagaye kawai yake, na gefe ne ke tafiya. Ni so nake in san me ke faruwa in gefen ya tsage."

Bai taɓa gani da idonsa ba. Na'urar awon tana bukatar sanyi da maganaɗisun da babu irinsu a nan. Lissafi ya yi ta yi a kwamfuta har ciwo ya kwantar da shi, kuma wannan yana ci mini rai.

Bana 'yarsa Rukayya, wadda ke hannuna, ta samu gurbi a wani ɗakin bincike a ƙasar waje, inda za ta auna abin da mahaifinta ya lissafa. Dangi suka ce ina, mace ita kaɗai a uwa duniya? Magana ta dawo kaina, ni ma kuwa tsoron nake ji. Na yi ta tambayar kaina me Habibu zai ce, alhali na san amsar. Bai bar gadon gida ba, bai bar mota ba. Tambaya ɗaya ya bari, da yarinyar da ta ɗauke ta.

Ranar tafiya an yi ruwa da safe. Na ɗauki jakarta, muka bi gindin katangar nan, tana gaba ina baya. A bakin titi ta juyo.

"Baffa, ka tabbata?"

Na ce, "Je ki. In kin gani, ki kira ni ki faɗa mini, a madadinsa."

Allah ya jiƙan Habibu.