Bas Ɗin Yaya Ila

Ni ba ɗan boko ba ne. A aji uku na sakandare na tsaya, na yi shekaru ina gyaran waya a wata rumfa a Rigasa, ina samun na tuwo. Sunana ba zai amfane ku da komai ba, samari, labarin dai za ku riƙe.

A rumfar nan wani kwastoma ya koya mini fiyuca ta kirifto, wato cinikin hasashen farashin kuɗin intanet. A baki ba ta da wuya. Ka ce farashi zai hau ko zai sauka, ka zuba kuɗinka, manhaja ta ninka maka sau goma ko hamsin. In ka dace, riba ta ninku. In farashi ya ɗan juya, a share kuɗin tas. Akwai kuma abin da muke kira birki, wato iyakar asarar da kake yanka wa kanka tun farko, in an kai nan cinikin ya rufe da kansa.

Sau uku aka share ni. Maimakon in koma kan gyarana, sai na lura kuɗin ba a kasuwar suke ba, suna aljihun masu kwaɗayinta. Na buɗe guruf biyu a waya, ana biyana kuɗin shiga. Kowace safiya in ce wa na farko zai hau, in ce wa na biyu zai sauka. Dole ɗaya ya ci. Waɗanda suka ci su yi ta yaɗa hoton riba suna kirana Oga, waɗanda suka faɗi in ce musu kasuwa ce, a yi haƙuri. Wallahi har yau ban iya karanta jan layin nan da kore masu nuna motsin farashi ba.

Yaya Ila maƙwabcina ne, Bakatsine, direban bas a hanyar Mando. Shi ya kai matata asibiti ranar haihuwarta ta fari, ko na mai bai karɓa ba. Wata rana ya leƙo rumfa yana dariya.

"Kai ja'iri, kana rabon arziki a gari ka bar yayanka na shaƙar hayaƙi?"

Na ce, "Yaya, wannan ba harkarka ba ce."

"Don ban yi boko ba? Kai ka yi ne?"

Na sa shi a guruf. Sau biyu ya faɗa ɓangaren da ya ci, sai ya sayar da bas ɗin don ya zuba kuɗin duka. Ya zo ya miƙo mini wayarsa ya ce, "In sa birkin nan? Ni direba ne, ban saba tafiya ba birki ba." Da na ce ya sa, da ya tsira da mafi yawan kuɗinsa. Amma rumfar cike take da mutanen da na sha gaya wa ba na kuskure. Na ce, "Birki na matsorata ne." Kafin la'asar babu ko kwabo.

Asirina ya tonu a wani taron suna a Doka. Wa da ƙani suka haɗa wayoyinsu, suka ga saƙona na safiya ɗaya, wannan hau, wancan sauka. Shekara uku na yi a gidan yari.

Da na fito, gidan Yaya Ila na fara zuwa. Matarsa ta ce hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki da baki tun ina tsare. Na durƙusa gefen tabarmarsa na ce, "Yaya, don Allah ka yafe mini." Ya daɗe yana kallona, leɓensa ya motsa. Na tambayi matar me ya ce. Ta ce, "Ni ma ban sani ba."

Na tuba, na koma gyaran waya. Amma malamai sun ce haƙƙin mutum sai shi ya yafe da kansa.

Samari, in za ku taɓa harkar nan, kada ku zuba abin da iyali ke ci da shi. Ku rage ninki, ku sa birki. Duk wanda ya ce muku ya san inda farashi zai nufa gobe, irina ne. Kada kuma ku ci da yardar mutum.

Duk Juma'a ina zuwa in sake roƙonsa, leɓen ya motsa. Ban sani ba ko na yafe yake cewa, ko Allah ya isa.