Sunan Kawuna a Rajistar Makaranta

Sakandaren da na yi babu ita yanzu. Ginin yana nan bayan ganuwa, in ka fita ta Ƙofar Kibo, amma tuni aka haɗe ɗaliban da wata makaranta, azuzuwan suka koma wurin ajiye takin zamani. Ban taɓa kewarta ba. Aji uku na yi na fita, kuma abin da na fi tunawa shi ne bulala.

Tantance ma'aikata ce ta mayar da ni can. Ni direba ne a wata ma'aikata. Ranar nan aka liƙa takarda cewa duk wanda ya rubuta makaranta a fayil ɗinsa ya kawo shaida cikin mako biyu, in ba haka ba a sallame shi. 'Ya'yana bakwai. Ba gona, ba shago. Washegari na fara neman shaidar.

Ga inda matsalar take. Mahaifina malamin zaure ne, bai yarda da boko ba. Kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, ya kai ni firamare. A lokacin wanda ya kawo yaro, sunansa ake liƙa wa yaron a rajista, ba a ma tambaya. Haka sunan ya bi ni har sakandare. Da na tashi neman aiki kuwa, sunan ubana na rubuta, don shi ya haife ni.

Wannan suna ya ja mini duka. Kullum da safe sai a buga ƙarfen tayar mota da aka rataye a jikin bishiyar dogon yaro, mu yi layi, malamin ajinmu ya buɗe rajista. In ya kira ni da sunan kawu, sai na ɗan tsaya kafin in gane ni ake nufi. Wannan ɗan jinkirin bulala biyu ne, wani lokaci har da cirar ciyawa a gonar makaranta. Yara suka sa mini Kurma. Yaran unguwar Wusasa da ke turanci kamar ruwa suka ci gaba, ni na gaji na bi mota.

Na je sabuwar makarantar, akawu ya ce ba a kawo musu takardunmu ba. Na je ofishin ilimi, suka ce in koma makarantar. Kwana tara na yi ina wannan zirga-zirga. Daga ƙarshe maigadin tsohon ginin ya ce mini lokacin da rufin ofis ya fara yoyo, wani malami ya kwashe rajistocin ya kai gidansa a Ƙofar Galadima. Da ya kwatanta shi, nan take na gane shi. Malamin ajinmu ne.

Na same shi a zaure bayan la'asar, ya tsufa, ido ya yi rauni. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi sunana da na ubana.

"Ban koyar da mai wannan suna ba," in ji shi.

"Allah ya gafarta Malam, aji uku na yi a hannunka."

"Kowa haka yake cewa in tantancewa ta zo. Ni ba na shaidar zur."

Ya jawo wata adaka, ya fito da rajistocin. Gara ta ci gefensu. Ya sa tabarau yana bin layi da yatsa, yana karanta sunaye da ƙarfi kamar muna layin safe. Ni kuwa ina zaune ina tunanin abin da zan faɗa wa maiɗakina. Ya kira wani suna, ya yi shiru. Ya sake kira.

"Na'am!" na ce a firgice.

Ya sauke tabarau ya dube ni.

"Kurma! Ashe kai ne. Har yanzu ba ka warke ba?"

Ya yi dariya har da tari. Ni ban yi ba. Na ce, "Malam, shekara uku kana dukana a kan sunan da ba na ubana ba."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Wa ke faɗa maka magana a lokacin?"

Ya ɗauki biro ya rubuta cewa mai sunan nan da mai sunan can mutum ɗaya ne, shi ya koyar da shi, ya sa hannu. Ya ce in je kotu in yi rantsuwa in haɗa, kuma in kwamiti na son ganin rajistar, shi da kansa zai kai.

Ranar tantancewa wani yaro sa'an ɗana na fari ne a kan kujerar kwamitin. Ya juya takardar gaba da baya, ya daɗe yana dubawa. Sannan, ba tare da ya ɗago kai ba, ya kira sunan kawuna. Kafin ya rufe baki na amsa. Ya buga hatimi.

Ina nan ina tuƙi. Takardar tana cikin leda a ƙarƙashin katifa, na yi mata kwafi uku. Amma har yau in na ga an liƙa sabuwar sanarwa a allon ofis, sai in tsaya in duba ko wata tantancewar ce.