Dutsen Iyakar Gonarmu

A ina gonarmu ta tsaya? Tun daminar da rafin bayan ƙauyenmu ya yi ambaliya ake yi mini wannan tambayar, har yau ban iya amsawa ba. 'Yata ce take rubuta abin da nake faɗa, ni ban yi boko ba. Na ce ta bar shi yadda ya fito daga bakina, ko da kuka a ciki.

Gonar tana gangare, hanyar da ake bi a fita Karshi. Daga sama akwai bishiyar ɗinya, a nan aikina yake ƙarewa. Maigidana ya haƙo doya ya tara a gindinta, ni kuma in ɗora a kafaɗa in kai kasuwa. Ƙasan gonar, wajen rafi, inda ta haɗu da ta maƙwabcinmu, na maza ne. Tun suna samari shi da maƙwabcin suka haƙa rami, suka zuba gawayi, suka dasa dutse a kai, domin gawayi ba ya ruɓewa. Wannan dutsen shi ne shaidarsu. Na sha jin labarinsa, amma ban taɓa sa shi a ido ba. Na tsufa ina cin abin da gonar ta ba da, ban san bakinta ba.

Da ruwan ya zo, ya shiga har cikin gida. Rumbunmu ya jiƙe daga ƙasa ya zauna, dawa ta kumbura, akuyata ta tafi da igiyarta. Da ya janye, dattawa suka fita zagayen gonaki kamar yadda aka saba, kowa ya nuna abin da ya rasa a gaban 'yan'uwansa. Maigidana ya bi su. Sun tarar yashi ya rufe kunyoyin doya, ba a gane gonar wani daga ta wani. Ya sauka bakin rafi yana neman dutsen, gaɓar ta zube da shi. Kafin su tono shi rai ya yi halinsa.

Ina cikin takaba ma'aikatan gwamnati suka iso duba ɓarna. Wata mai rigar ruwan ganye ta durƙusa a ƙofar ɗakina ta yi mini gaisuwa.

"Mama, me da me kika rasa?"

Na ce, "Mijina."

Ta ce, "Allah ya jiƙansa. Gonar fa, za ki iya kai mu mu gani?"

Na ce mai takaba ba ta yawon gona. Ko da zan fita ma, me zan nuna musu? Maƙwabcin namu ya daɗe da rasuwa, sai ɗansa, wanda na goya a bayana yana jariri. Shi ya ce, "Mama, ki zauna abinki, ni zan zagaya da su oga." Har na sa masa albarka.

Da na fita takaba na je gonar, sai na ga turaku da jan fenti sun hauro har kusa da ɗinyar. Yaron ya nuna wa ma'aikatan duk gangaren a matsayin asarar gidansu, yanzu kuma masu buga bulo suna zuwa da mota suna kallon yashin. Na same shi a gaban mai unguwa.

"Kai, ɗan nan, yaushe gonar ubanka ta yi ƙafa ta hau tudu?"

Ya ce, "Mama, ni inda Baba ya nuna mini na nuna. In da dutse, a fito da shi, wallahi zan cire turakuna da hannuna."

Mai unguwa ya ce maganarsa ke nan shi ma: a nemo dutsen. Ban ce yaron ƙarya yake yi ba. Mai yiwuwa shi ma bai sani ba. Abin da ke hana ni zama ke nan.

Kullum da safe nakan ɗauki sandar maigidan in gangara. In caka yashi nan, in matsa in caka can. Na tono duwatsu da yawa, ba wanda na samu gawayi a ƙarƙashinsa. 'Yata ta ce in dawo wurinta a unguwar Gudu in huta, gwiwoyina sun gama aiki. Na je na kwana biyu, na kasa. Ina jin hadari ya haɗu sai in ce wani yashin zai ƙaru a kai. In na bari suka kafa injin bulo a wurin, inda maigidana ya faɗi ma ba zan ƙara ganewa ba.

Safiyar da maigidana zai fita zagayen gonakin nan, ina baza jiƙaƙƙiyar dawa a kan tabarma, na ce ya tsaya in ɗauko mayafi in bi shi, yau dai in ga dutsen nan da idona. Ya tsaya a bakin ƙofa, wandonsa a naɗe har gwiwa, ya yi dariya.

"Tsohuwa, ki shanya dawarki kada kaji su riga mu. Dutse ba ya gudu. Gobe na kai ki."