Randar Ƙofar Gidanmu

Makon jiya wani abokin aikina ya miƙo mini ruwa a moɗa, daga sabuwar randa da matarsa ta jefa wa saiwar jema. Ƙamshin ya riga ruwan isowa gare ni, sai na tsaya riƙe da moɗar ban sha ba, har ya tambaye ni ko lafiya. Na ce lafiya lau, amma ba gaskiya na faɗa masa ba. Wani tsohon fushi ne ya taso mini, wanda na zaci karatu da shekaru sun kwantar da shi. Ya kai mai karatu, ka ba ni aron kunnenka in faɗa maka asalinsa.

Gidanmu a Haɗeja yana bakin hanyar da mutanen gabas ke bi zuwa kasuwa. A gindin ɗurumin ƙofar gidan, kakata, wadda ta haifi mahaifina, ta girke wata babbar randa, an binne ta har rabi a cikin jiƙaƙƙen yashi, da moɗa biyu rataye a jikin itacen. Iya kowa ke ce mata, har limamin unguwa. Masunta daga wajen Kirikasamma da kwandunan banda, fataken kanwa, matan Fulani masu tallan nono, duk nan suke sauke kaya su sha. Ba ta taɓa tambayar kowa daga ina yake ba. In ta ga baƙo ya daɗe a zaune bai tashi ba, ta san ba ƙishirwa kaɗai ke damunsa ba, sai ta aiko da dumamen tuwo ko fura.

Kowace asuba, bayan ta idar da salla, takan kwashe ragowar ruwan jiya ta zuba wa ɗurumin, ta cuɗe cikin randar da soso, ta cika ta da ruwan rijiya da ta tace da farin ƙyalle. Sannan ta jefa saiwar jema, ciyawar fadama mai ƙamshi, wadda ke sa ruwa ya yi daɗi a maƙogwaro. Ka riƙe wannan, domin za mu dawo gare shi.

Na taɓa tambayarta dalilin wannan wahala. Ta ce tana amarya ranar da Turawa suka ci garin da yaƙi, ita da mutanen gidansu suka gudu da ƙafa suka nufi fadama, har harshenta ya manne wa ganɗa. A ƙofar wani gida a ƙauye, wata tsohuwa ta ba ta ruwa. “Ban san sunanta ba, maigidana,” in ji ta, da sunan da take kirana a wasan jika da kaka. “Shi ya sa nake ba kowa, ko Allah zai sa in dace da jininta.”

Ina ɗan shekara takwas ko tara, a tsakiyar wata bazara mai zafi, duba-gari ya zo unguwarmu. Shi ne ma'aikacin da ke shiga gidaje yana leƙa randuna da masai don neman ƙazanta. Ba baƙo ba ne, ɗan layinmu ne, a gaban Iya ya yi rarrafe. Ranar yana tafe da wani Bature mai hular kwano, wanda ya zo duba aikinsa. Ya tsoma dogon ludayinsa a randar, ya ɗago, sai ga siraran zaren jema suna yawo a cikin ruwan. Baturen ya yamutsa fuska ya faɗi wata magana.

“Ya ce tsutsa ce,” in ji duba-gari, idonsa a ƙasa.

Iya ta yi murmushi, tana zaton abin zai ƙare a nan. “Ɗan nan, faɗa masa jema ce mana. Ai da wannan ruwan ka girma.”

Bai faɗa ba. Kalma ɗaya ce, kuma yana jin harshen mutumin, amma ya ji tsoron a ce ya gyara wa Bature gani. Ya ce, “Iya, ki yi haƙuri, umarni ne,” ya ɗaga sanda. Har yau ina jin ƙarar a kunnena. Ruwan ya malale a kan yashi, mahaifina kuwa yana durƙushe, hularsa a hannu. Aka kuma kafa mana doka: kada a sake ajiye ruwa a ƙofar gidan.

Ina roƙonka ka auna wannan da hankali. A Haɗeja ake wannan magana, inda kogi ke tumbatsa kowace damina, fadama ta kwana watanni a ƙarƙashin ruwa iyakar ganin ido. A bayan gidajen gwamnati akwai kududdufin da suka haƙa da kansu don ɗibar ƙasar gini, sauro na tashi daga cikinsa kamar hayaƙi, ba wanda ya ɗaga masa sanda. Daga baya na karanta a jami'a cewa tsutsar sauro sai ta yi kwanaki a ruwa kafin ta yi fiffike. Randar Iya ba ta taɓa kwana biyu da ruwa ɗaya ba. A duk garin babu ruwan da ya fi nata tsabta, kuma shi aka zaɓa aka zubar. Ban ƙi aikin tsabta ba, na san amfaninsa. Abin da na ƙi shi ne jahilci ya ba da umarni, wanda ya sani ya yi shiru ya zartar.

Iya ba ta zagi kowa ba. Ta tsince fasassun, ta ware babban kasko ta ce kaji za su sha a ciki. Washegari da hantsi ta shimfiɗa tabarma a gindin ɗurumin, ta zauna da tulu a gefenta, tana tsiyaya wa duk mai wucewa da hannunta. In tulun ya ƙare ta shiga gida ta ciko. Mahaifina ya roƙe ta ta bari, ta ce masa, “Mutum ya taho tun daga fadama yana sa rai da inuwar nan, ya iso ya tarar da yashi? Ba da raina ba.” Ta haura sittin a lokacin. Kafin ruwan farko ya sauka, ƙafafunta sun kumbura har zanen jijiya ya ɓace.

Wata rana da azahar sai ga duba-garin shi kaɗai, yana tura kekensa da ya yi faci, kakinsa ya jiƙe sharkaf da gumi. Ya kau da kai zai wuce.

“Ɗan nan, zo ka sha,” in ji Iya. Ta cika moɗa ta miƙo mini. “Maigidana, kai masa.”

Ban taɓa saɓa mata ba sai ranar. Na mai da hannuwana baya na ce, “Iya, shi ne fa ya fasa.”

“Randa ya fasa,” in ji ta. “Ƙishirwarsa tana nan.”

Ta dafa itacen ta miƙe a kan waɗannan kumburarrun ƙafafu, ta taka ta kai masa. Ya tsuguna ya karɓa da hannu biyu, yana sha kamar raƙumi. Ta tsaya a kansa tana kallo, sannan ta ce, “A hankali dai, kada ka haɗiye tsutsa.” Ya ƙware, ya yi ta tari. Ta ƙara masa moɗa ta biyu. Ya sha, ya tura kekensa ya tafi, bai nemi gafara ba.

Shekaru ta yi tana wannan zama kowace bazara. Da Turawa suka tafi ta girke sabuwar randa a gurbin waccan, ta kuma rayu fiye da shekara goma tana cika ta, har ta ga 'ya'yan jikokinta suna ɗauko mata guga. Ranar jana'izarta duba-garin nan ya zo, ya zama babban ma'aikaci mai mota, ya tsaya a gaban jama'a yana yabon alherinta da murya mai ƙarfi. Na tashi na bar wurin.

Yau an sare ɗurumin. A gurbinsa akwai famfo da aka kulle bakinsa da kwaɗo, matafiyi kuwa sai ya sayi ruwa a hannun 'yan garuwa. Ni na sayi randa na girke a ƙofar gidan da aka ba ni a wurin aiki, maƙwabta suna yi mini dariya wai ɗan boko da aikin tsofaffi. Ina wanke ta kowace asuba, ina jefa mata jema. Amma ba zan yaudare ka ba, ban kai Iya ba. In mutumin nan ya biyo ta ƙofata da ƙishirwa, ba zan hana shi ba. Moɗa tana nan rataye, sai dai ya ɗiba da hannunsa.