Ƙwaryar da ta Girmi Mai Ita

Ka taɓa ganin matar da aka binne a takarda alhali tana zaune tana hura garwashi? To, akwai ta a Gure: Ya Kaka mai zanen ƙwarya.

Shekararta sittin da uku, arba'in da takwas daga ciki da wuƙar zane a hannu. A Gamu uwarta ta koya mata: a sa wuƙa a wuta ta yi ja, a ja layi, a busa. Alamarta ba ta ɓuya, dabino uku ne, na tsakiya a karkace kamar na bakin rijiyarsu. Duk ƙwaryar da ta fi kyau ba ta sayarwa, a madafa take rataye ta, har suka kai arba'in da ɗaya. Hayaƙi ya bi su, suka yi duhu kamar kayan kakanni.

Sai ga Fadilu, mushen lakwal, wato malamin makaranta, ɗan marigayiya aminiyarta, wanda ta goya shekara biyu. Ya ce akwai rumbun hotuna a intanet inda kowa ke ɗiba kyauta, kuma ana gasar hotunan kayan gargajiya. Ta ce ya ɗauki hoton ƙoren duka, sharaɗi ɗaya ne: a rubuta sunanta. Sau uku ta sa ya maimaita.

Bayan wata goma sha huɗu, a kasuwar Gidigir, ta ci karo da atamfa mai dabino uku, na tsakiya a karkace. Murna ta hana ta cinikin ƙoren da ta je saye. Ta dawo Gure, ko gida ba ta biya ba, sai gidan Fadilu, ta ce ya karanto mata sunanta da ya kai har inda ake buga atamfa.

Ya ce salula ba caji. Matarsa Rumasa'u ta ce ai tata na da shi, ta buɗe, ta fassara mata abin da ke ƙarƙashin hoton: ba a san mai zanen ba, an yi shi kafin 1930, haƙƙin mallaka ya faɗi, ya zama na kowa.

Fadilu ya shiga bayani kansa a ƙasa. Wai a ƙa'idar shafin, in mai aiki yana raye sai an aika takardar izininsa. Sau biyu aka sauke hotunan don babu takardar, ga gasa saura kwana biyu. Amma aikin da mai shi ya cika shekara saba'in da rasuwa, ba mai tambayar takarda. Ƙoren kuwa sun sha hayaƙi, wa zai musa? Ya zo na biyu, ga takardar yabo can a bango.

"Inna, ai kyauta kika bayar," in ji shi. "Ba ki yi asarar komai ba."

"Zanen na ba da kyauta, mushe, ban ba da sunan ba. Ni na goya ka, kai ka binne ni don gudun takarda ɗaya?"

Rumasa'u ce ta rubuta wa masu rumbun, ta haɗa da hoton tsohuwar tana ƙona dabino uku. Kwana goma sha tara aka gyara. Amma atamfa ta riga ta shiga gari, kuma Rumasa'u ta ƙirga shafuka ashirin da shida da suka kwafi hoton da tsohon bayaninsa. A can har yau Ya Kaka ba ta da suna.

Ba ta kai ƙara ba. Ta sa Rumasa'u ta nuna mata haruffan sunanta, ta yi mako tana zana su a ƙasa. Sannan ta sauko da ƙoren nan arba'in da ɗaya, ta ƙona suna da shekara a gindin kowacce. Biyu sun tsage, sauran talatin da tara suka koma bango. Fadilu in ya yi sallama tana amsawa, amma ƙofar madafa ba ya wucewa.

Kai ma yau ka juya ƙwaryar gidanku ka duba gindinta. In ba suna, tambayi wa ya zana ta tun ana iya ba ka amsa. Kuma kafin ka ɗebi hoton da aka ce ba mai shi, ƙirga shekarun da kanka. Gwada ka gani.